Kafin ka zuba jari a fim ɗin gyaran hali

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa ƙaninsa ya nuna masa irin yabon da masu sharhi suka yi wa fim ɗin The Work, wanda ya nuna fursunoni da wasu maza uku daga waje suna zaman kwana huɗu na amayar da abin da ke cin ransu a gidan yarin Folsom da ke Kalifoniya. Ɗan kasuwan yana so ya zuba rabin jarinsa su yi irinsa a wata cibiyar gyaran hali.

Malam, kuskurenka shi ne ka lissafa yabo a cikin riba. Gaskiya ne fim ɗin ya ci babbar kyautar alƙalai ta rukunin fina-finan da ke nuna abin da ya faru a zahiri a bikin fina-finai na SXSW da ake yi a Amurka a 2017, amma an ɗauke shi tun 2009, kuma ɗaya daga cikin masu ba da umarninsa, Jairus McLeary, ya daɗe yana halartar wannan zama kafin fursunonin su yarda kyamara ta shiga. Wane ɗan kasuwa ne zai bar rabin uwar kuɗinsa ta kwanta shekara takwas?

Mai sharhi kallo yake yi ya rubuta, ba ya sayen fim. Ko da fim ya samu shiga sinima, gidan kallo kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, mai rarrabawa da dillali su cire nasu, sannan abin da ya rage ya iso hannunka. Na san wani da ya ɗauki nauyin irin wannan aiki, aka kammala ɗauka, sai mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi zubar da hawaye a gaban kyamara suka ce ba su yarda iyalansu su gan su haka ba, kuma babu takardar amincewa ko ɗaya da aka sa wa hannu. Fim ɗin yana nan a cikin kwamfuta har yau.

Kada ka fitar da ko sisi sai ƙanin naka ya kawo sunan tashar talabijin ko gidauniyar da za ta biya a rubuce, da izinin cibiyar, da sa hannun kowane mutum da zai fito. Idan ya kawo su, ka tsaya a kashi ɗaya cikin goma na jarinka, ka biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka kammala.