Dalit da ya musulunta da rukunin Scheduled Castes

Malam, ka tambaya ko Dalit ɗan Indiya (wato ɗan al'ummomin da tsarin asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa) da ya musulunta zai ci gaba da samun guraben karatu da aiki na rukunin Scheduled Castes, wato jerin al'ummomin Dalit da gwamnati ta ware wa gurabe na musamman. Ba zai samu ba, domin dokar 1950 ta taƙaita rukunin ga mabiya Hindu, aka ƙara Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990, Musulmi da Kirista kuwa har yau ba sa ciki.

Sai dai idan al'ummarsa tana jerin OBC (Other Backward Classes, wato sauran al'ummomin da aka bari a baya), wanda gwamnatin tarayya ta ware wa kashi 27 cikin 100 na guraben, zai iya nema ta nan. Na gani lokacin karatuna a can, ofishin rajista ba ya tsayawa kan takardar asali kaɗai, sai ya ga shaidar cewa iyayen ɗalibi ba masu hali ba ne.