Ciwon kanina gado ne ko zaman Turai ne ya jawo?

TAMBAYA: Salam Anti. Iyayenmu 'yan Kano ne amma a Landan aka haife mu ni da kanina. Likitoci sun ce yana da sikizofiriniya, yana jin muryoyi yana cewa ana binsa. Mama ta dage wai kaf danginmu babu mai tabin hankali, zaman Ingila ne ko sammu. Yanzu ga maganar aurena ta taso dangin saurayin sun fara bincike, ni kuma tsoro nake kar 'ya'yana su gada. Dan Allah gado ne?

AMSA: Wa alaikumussalam kanwata, Allah ya bashi lafiya. Gado na da hannu, wannan ba musu. A cikin jama'a kusan mutum 1 cikin 100 ne ke samun ciwon, in uwa ko uba na da shi sai ya koma wajen 10 cikin 100, 'yan biyu masu kama daya kuwa in daya ya kamu dayan ma kusan rabi da rabi ne, kinga ko su da jininsu daya sak ba dole bane. 'Ya'yanki da kawunsu ne ke da shi abin bai wuce 3 zuwa 4 cikin 100 ba.

Mama ma fa ba gaba daya ta kauce ba. Tun 1932 wani likita Ødegaard ya lura 'yan Norway da suka yi kaura zuwa Minnesota a Amurka sun fi wadanda suka zauna gida kamuwa. A Ingila kuma an dade ana ganin ciwon ya fi yawa a bakaken fata 'yan asalin Karibiyan, alhali can kasashensu na asali irin su Jamaika da Tirinidad bai kai haka ba, kuma binciken shekarun 1990 ya nuna iyayen marasa lafiyar 'yan Karibiyan basu fi iyayen Turawa marasa lafiya ciwon ba, yayye da kannen marasa lafiyar da aka haifa a Ingila ne abin ya fi kamawa. Wato yaran da suka tashi a Ingila ne ke shan wuyar, wariyar launin fata, kadaici, talauci, ga wiwi da ke kara tunzura shi.

Amma maganar "babu a danginmu" ni bana saurin yarda da ita, mu da muke boye irin wannan, a ce iska ce ko aljanu a kai mutum kauye shikenan. Ki lallaba ki tambayi gwaggonninki tsofaffi.

Saurayin kuma ki fada masa da bakinki kafin ya ji a waje an kara gishiri. In Allah ya kawo ciki ki sanar da ungozoma ko GP dinki, wato likitan unguwarku, tarihin gidanku tun awon farko, sannan a tabbata kaninki bai ajiye maganinsa ba don an fara masa rukiyya, a hada duka biyun.