Ɗakin umarni ko jirgin yaƙi: wanne ya fi kama ɗan fashin teku?

Tambaya: Malam, kullum muna jin sojojin ruwan Najeriya sun buɗe cibiyar sa ido da ba da umarni. Ba gara a sayo ƙarin jiragen yaƙi da kuɗin ba?

Amsa: Ɗan'uwa, jirgin da bai san inda ɓarawo yake ba, mai kawai yake ƙonawa. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a tekunan duniya, 130 a Mashigin Gini, wato tekun da Najeriya da maƙwabtanta ke bakinsa, aka sace su, alhali ƙasashen yankin suna da jirage. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labari ya isa ga mai ikon cewa "a tashi" kafin ɓarayi su shige fadamun Neja Delta ko ruwan maƙwabta.

Wannan giɓin ne yarjejeniyar Yawunde ta 2013, wadda ƙasashen Yammaci da Tsakiyar Afirka suka ƙulla kan tsaron teku, ta so cikewa. An yanka tekun shiyya-shiyya. Najeriya na shiyya ɗaya da Benin da Togo, cibiyarsu na Kwatano, ita kuma tana ƙarƙashin ta Abijan. A gida, 2021 ta zo da Falcon Eye na sojin ruwa, wato na'urorin rada da kyamarori a bakin teku masu aika hoto hedkwata, da shirin Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, wanda ya tara sojin ruwa da na sama da 'yan sanda a ɗakin aiki guda a Legas.

Dubi abin da ya faru a Mayun 2020. An ƙwace jirgin kamun kifi na China, Hai Lu Feng 11, a ruwan Kwaddibuwa. Labari ya bi ta cibiyoyin nan har Najeriya, sojin ruwa suka tare shi, suka kama mutum 10, kotu a Legas ta ɗaure su a 2021 da dokar yaƙi da fashin teku ta 2019.

Inda nake da damuwa shi ne iko. Allon ɗakin umarni zai nuna wa hukumomi huɗu jirgi ɗaya, amma in ba a rubuta tun farko wa ke ba da umarni ba, da kuma ko kwamanda zai bi ɓarawo cikin ruwan Benin ba tare da jiran izinin Abuja ba, sai kowa ya tsaya yana buga waya. Nan ne gyaran ya fi wuya, don babu hukumar da ke son sakin ragamarta.