Mata biyu, ƴaƴa shida da maraya guda: wace ƙasa ce za ta karɓe ku gaba ɗaya?

Wani magidanci daga unguwar Garin Malam, nan Damagaram, ya aiko da wannan tambaya: "Metir, barka da aiki. Shekarata 41, sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ina da takardar BTS ta koyon sana'a. Matana biyu, ƴaƴana shida, huɗu na uwargida, biyu na amarya. Ga ɗan yayana marigayi da nake riƙo, shekararsa 9, ga mahaifiyata ita ma tana hannuna. Kasuwa ta ja baya, ina so in kwashe iyalina mu koma wata ƙasa. Abokina ya ce Kanada na neman masu jin Faransanci, wani ɗan kamasho kuma ya ce zai yi mana bizar Umara mu shiga Saudiyya mu zauna. Mai sayen gidana yana nan yana jira. Ina zan dosa?"

Malam, Allah Ya buɗa. Kafin komai, ka dakatar da mai sayen gidan nan. Zan dawo kan dalili.

Kai a idonka gida ɗaya ne, tukunya ɗaya. A idon jami'in shige da fice kuwa ku mutum goma sha ɗaya ne, kowa da fayil ɗinsa, kuma kowanne sai an tambaye shi: mene ne haɗinka da wannan mutumin, ina takardar da ta nuna haka, kuma dokar ƙasarmu ta san irin wannan haɗin? Saboda haka tambayar da ta kamata ka riƙa yi wa kowace ƙasa ita ce mutum nawa daga cikin goma sha ɗayan nan za ta bari su shigo tare da kai. Albashi da kyan gari duk suna bayan wannan.

Mu fara da Kanada tunda ita ce ta fi ɗaukar hankalinka. Abokinka bai yi ƙarya ba. Tun 2015 suna da tsarin zaɓen ma'aikata ta hanyar maki, kuma jin Faransanci yana ƙara wa mutum daraja a cikinsa, in ya zauna jarrabawar gwajin Faransanci ta TEF ko TCF ya ci da kyau. Sai an tantance takardar karatunka, an duba lafiyar kowa, ka kuma nuna kuɗin da zai riƙe ku watannin farko, wanda yake ƙaruwa da yawan kawuna. Shekaru ma ana ba su maki: daga 30 yake fara raguwa, a 45 ya zama sifiri. Kai da kake 41 lokaci ba ya wajenka. Amma duk waɗannan ƙananan duwatsu ne. Babban dutsen shi ne auren mace fiye da ɗaya laifi ne a sashe na 293 na kundin laifuffukan Kanada, kuma dokar shige da ficensu matar fari kaɗai ta sani. Amarya ba ta da gurbi ko kaɗan. Ƴaƴanta biyu za su iya shiga a matsayin ƴaƴanka, muddin ba su kai 22 ba kuma ba su yi aure ba, amma sai da rubutaccen amincewarta. Ka ga ke nan ana neman uwa ta sa hannu a raba ta da ƴaƴanta, ita ta zauna Garin Malam su su tafi ƙasar ƙanƙara da kishiyarta. Hajiya mahaifiyarka ma ba a lissafa ta cikin iyalin da ke bin ka. Sai ka zauna, ka kafu, sannan ka nema mata ta wata hanya dabam mai tsawon layi.

Faransa ta fi haka tsauri a wannan gaɓar. Sai mutum ya yi wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida kafin ya nemi a kawo masa iyali, da shaidar samu da ta muhalli. Tun dokar 1993 ba a ba mace ta biyu izini, kuma ƴaƴanta ma ba a ba su, sai in ta rasu ko kotu ta ƙwace mata ikon iyaye. Ka haɗa da cewa ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun Janairun 2024.

A nan ne masu ba da shawarar bakin kasuwa suke shigowa da dabaru biyu, kuma na san za ka ji su in ma ba ka riga ka ji ba. Ta farko: "Ka ɓoye amarya, kada ka rubuta ta, in ka zauna ka ɗauko ta a matsayin ƙanwa ko ƴar aiki." A dokar Kanada yin ƙarya ko ɓoye gaskiya a takardar nema yana jawo haramcin shekara 5, yana kuma iya rushe zaman da aka riga aka ba ka, da na uwargida da na yara, ko bayan shekaru. Wanda ba ka ambata ba tun farko kuma, ƙa'idarsu ita ce ba ka da ikon ɗauko shi daga baya. Dabara ta biyu ita ce sakin takarda: a je kotu a karɓo shaidar saki, aure kuma yana nan a ɓoye. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro, ba don Turawa ba, don ita amaryar. Ranar da ta Allah ta kasance a kanka, takardar da ke hannun kotu ta ce ba matarka ba ce. Da me za ta nemi tumunin takaba? Su waye za su tsaya mata, ƴaƴan uwargida? Ta fuskar addini ma ka tambayi malaminka, zai gaya maka saki ba ya karɓar wasa.

Sai maraya. A al'adarmu ɗan yayanka ɗanka ne, babu mai musu. A takarda kuwa riƙo ba haihuwa ba ne. Abin da za ka iya yi tun yanzu, ko za ka tafi ko ba za ka tafi ba, shi ne a yi zaman dangi a rubuta cewa kai aka damƙa wa yaron, mahaifiyarsa ta sa hannu in tana raye, a kai kotu ta tabbatar maka da waliccinsa. Wannan hukunci zai ba ka damar ƙetare iyaka da shi ba tare da an zarge ka da safarar yara ba, ka sa shi lakwal, ka sa hannu a asibiti. Amma ba zai mayar da shi ɗanka a idon Kanada ko Faransa ba. Kuma ina roƙonka, kada wani ya ruɗe ka ka yi masa sabuwar takardar haihuwa da sunanka. Jabu ce, laifi ne a nan gida, can kuma in suka yi shakka suna neman gwajin jini na DNA. Ban da haka ka yanke yaron daga sunan ubansa, ka kuma rikita masa gadonsa da hannunka.

Saudiyya ba ta da matsala da aurenka. Matsalarta takarda ce da kuɗi. Bizar Umara ta ibada ce, ba ta zama ba ce, ba ta aiki ba ce. Ranar da ta ƙare ka zama abin da muke kira takari: ba haya da sunanka, ba makarantar gwamnati ga yara, ba fita da kwanciyar hankali, ƙarshenta kamu, gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, a ɗauki zanen yatsu a sako ku jirgi da haramcin komowa. Ɗan kamashon da ya karɓi kuɗinka a lokacin yana Kasuwar Dole yana shan shayi. Hanyar ƙa'ida ita ce kwangilar aiki daga kafili, wato ubangidan da zai ɗauki nauyinka, ka shiga da bizar aiki, a yi maka iƙama, wato katin zama. Ko a hakan ba kowace sana'a ce ake yarje wa ɗauko iyali ba, ana duba abin da aka rubuta a iƙamar da kuma albashi. In an yarje, akwai harajin kowane kai da ke ƙarƙashinka: ya fara da riyal 100 a wata a Yulin 2017, ya kai riyal 400 a 2020. Ɗauki uwargida da ƴaƴanta huɗu kawai, riyal 2,000 ke nan duk wata, wajen jika ɗari uku a kuɗinmu na sefa, ba haya, ba cefane. Kuma ka sani haihuwa a can ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, zamanku duka yana rataye ne a wuyan aikinka. In kafili ya sallame ka, gidan gaba ɗaya ya tashi. Mai gyaran sanyi yana iya samun aiki a ƙasar zafi irin wannan, ban musa ba, amma aikin mutum ɗaya ne mai aiko da kuɗi gida, ba na mai jan mutum goma ba.

Ba ka ambaci Aljeriya da Libiya ba, na ji daɗi. Gwamnati ta soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, sai wasu suka ɗauka hanya ta buɗe. An soke tamu ne, ba a soke tasu ba. Har yau ana sauke mutane a bakin iyakar Aljeriya su taka wajen kilomita 15 zuwa garin Asamaka. Mu mutanen jihar Damagaram ba mu manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne maƙwabta, waɗanda ba ka ma sa su a lissafi ba. Ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta fasfo da katin shaidarmu, a bar mu mu shiga mu zauna kamar da, har sai an sake shawara. Ka lura da wannan "har sai". Abin da a da haƙƙi ne ƙarƙashin yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, yanzu alfarma ce da za a iya janyewa. Duk da haka Kano ita ce wuri ɗaya a duk waɗanda muka zana da za ta ɗauki gidanka yadda yake: kotunan Musulunci sun san aurenka biyu, sun san riƙon maraya, Hajiya ba za ta nemi tafinta ba, kuma ta Matamaye da Daura ka yi sammako ka yi azahar a can. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne abin da ƴan'uwanmu da yawa suke yi, su sayi takardar asalin wata ƙaramar hukuma su ce su ƴan Najeriya ne. Ka nemi katin zama na baƙo a hukumar shige da ficensu da sunanka na gaskiya. In a cikin matanka akwai wadda take ƴar Najeriya, ƴaƴanta suna da haƙƙin zama ƴan ƙasa ta sashe na 25 na tsarin mulkin 1999, ko da a nan Damagaram aka haife su, kuma tun 2014 dokarmu ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Kai kuwa auren ƴar Najeriya ba ya ba ka. Hanyarka ita ce zaman shekara 15. Ka kuma auna darajar naira, da wahalar yaron da ya yi nisa a Faransanci in aka mayar da shi Ingilishi.

Akwai kuma wata ƙofa da mutane ke mantawa. Mun fita CEDEAO amma muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kuɗin sefa, kuma yarjejeniyarta ta 1994 ta ba ɗan kowace ƙasa ikon shiga, zama da kafa sana'a a sauran. Lome, Dakar da Abijan duk suna ciki: kuɗi ɗaya, harshen lakwal ɗaya, BTS ɗinka ba baƙuwa ba ce. Sai dai dokar aure ta bambanta. Senegal ta san auren mace fiye da ɗaya, Kodibuwa kuwa tun 1964 mace ɗaya dokarta ta sani, abin da kan zama rigima ranar gado.

Ko ina ka zaɓa, aikin farko a nan gida yake. Je ka buɗe akwatin takardu yau da dare. Aurenka biyu an rubuta su a meri, wato ofishin magajin gari, ko kuwa goro da dabino da shaidun ƙofar gida ne kawai? Yara duka suna da takardar haihuwa? Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa, in ya wuce sai an bi ta kotu a karɓo hukuncin da ke tsayawa a madadinta. Sannan ka jera takardun ka duba rubutun suna harafi da harafi. Mu nan mun saba mutum ɗaya ya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a difloma, Mamane a fasfo, ko a rubuta an haife shi "wajejen" shekara kaza. A ofishin jakadanci waɗannan mutum uku ne. Na sha ganin fayil ya kwanta shekara guda a kan harafi ɗaya. Gyaran ta kotu ake yi, kuma ya fi sauƙi kana Damagaram da kana waya daga wata ƙasa kana roƙon ƙaninka.

Yanzu batun gida. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta ba ka tabbacin cewa mutum goma sha ɗaya za su sami wurin kwana a wata na shida. In ka sayar, kuɗin zai narke a biza da tikiti da haya, in aka dawo da ku kuma sai ɗakin aro a gidan dangi. Ka tabbatar takardar filin tana da sunanka, iyali su ci gaba da zama a ciki, ko ka ba da hayar wani sashe. In za ka bar wakili, ka yi wakilcin a gaban noter, mai tabbatar da takardu bisa doka, a rubuta ƙarara cewa ikonsa karɓar haya ne da gyara, ban da sayarwa, ban da jingina. Wakilci marar iyaka da aka ba ɗan'uwa don kunya ya cika kotunanmu da shari'a.

Da ni ne kai, zan cire Kanada da Faransa daga lissafi muddin ba ka da niyyar rabuwa da amarya da gaske, in cire bizar Umara gaba ɗaya. Zan tafi ni kaɗai, Kano ko Lome, in yi wata shida zuwa shekara, in sami shago da katin zama da makarantar yara, sannan in ɗauko su kashi-kashi a lokacin hutun ƙarshen shekara. In kwangilar Saudiyya ta gaskiya ta samu, ka kawo ta a karanta kafin ka sa hannu ko ka biya ko dala.

In za ka zo ofis, ka taho da takardun kowa, har da ta rasuwar yayanka. Ka kuma taho da uwargida da amarya, don akwai wuraren da sa hannunsu ake bukata ba naka ba, kuma ina so in ji daga bakin kowacce cewa ta san abin da za ta sa wa hannu.