Amsa: Bambancin "clutch" da "hold"

Malama, kin tambaya ko kalmomin Turanci "clutch" da "hold" ɗaya ne. A'a. "Hold" riƙo ne kawai, kamar ki riƙe wa ƙanwarki ƙwarya. "Clutch" kuwa ƙanƙamewa ce, irin riƙon da tsoro ko ciwo ke sa mutum. Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, in cunkoso ya yi yawa, za ki ga tsohuwa ta matse jakarta a ƙirji. Nan ake cewa "she clutched her bag". Don Allah kada ki sa "clutch" a maganar musabaha, bai dace ba ko kaɗan. In aka ƙara "at", wato "clutch at", kai hannu ne cikin gaggawa, ba lallai a kama ba.