Kafin ka zargi ƙwaƙwalwar katafila, fara auna wayoyinta

Yarona, ka tambaye ni jiya game da katafilar haƙa da ka duba a wurin aikin hanya, wadda allonta ke nuna cewa sadarwa ta yanke tsakaninsa da ƙwaƙwalwar inji, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin, saƙon yana zuwa yana ɓacewa, kuma afareta ya dage sai an sayo sabuwar ƙwaƙwalwa. Amsata ita ce kada a sayo komai tukuna. A shekarun da na yi ina wannan sana'a, ƙwaƙwalwar da aka kawo mini da sunan ta mutu, sau da yawa lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isa gare ta, ko kuma hanyar da take magana da 'yan'uwanta ce ta lalace.

Ka fara fahimtar yadda suke magana. Katafila ta zamani tana da ƙwaƙwalwar inji, da ta famfon haidirolik, da allon gaban afareta, kuma dukkansu suna rataye ne a kan wayoyi biyu da aka murɗe tare kamar igiya. Tsarin ana kiransa CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986, manyan injuna kuwa galibi suna bin ƙa'idar J1939, wadda a cikinta wayar da ake kira ta sama (CAN High) ruwan ɗorawa ce, wadda ake kira ta ƙasa (CAN Low) kuma kore. Tunda hanya ɗaya kowa yake bi, lahani a wuri guda yana iya toshe bakin kowa. Sannan ka riƙe wannan da kyau: ƙwaƙwalwar da ta rubuta lambar matsala ita ce mai sauraro, tana kai ƙara ne cewa ba ta ji daga wata ba. Idan ka ga lamba mai ƙarewa da FMI 9 (FMI shi ne ɓangaren lambar da ke faɗin irin matsalar), ma'anarta saƙon da ake jira bai zo a kan lokaci ba, ba ta ce wani abu ya ƙone ba. Saboda haka ka karanta lambobin da ke cikin kowace ƙwaƙwalwa. Idan duk suna kuka da guda ɗaya, je ka duba fis ɗinta da wutarta da soket ɗinta. Idan kuwa kowa yana kuka da kowa, babbar hanyar ce ta sami matsala.

Batir shi ne farko, ko da kana ganin raini ne. Waɗannan injuna batir biyu ne masu bolt 12 a jere, su ba da 24, kuma idan inji yana aiki altaneta takan kai su wajen 28. Ka auna lokacin da ake buga kik, domin batir mai rauni yakan faɗi a daidai wannan lokacin, ƙwaƙwalwa ta mutu na ɗan ƙiftawar ido ta farfaɗo, sauran su rubuta cewa ta yi shiru. Ka kwance wayar negatif da ke ɗaure a jikin shasi da wadda ke jikin inji, ka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tamau.

Daga nan sai awon da ya fi kowanne faɗa maka gaskiya. Kashe makulli, ka cire wutar batir gaba ɗaya, ka sa mita a kan om, ka auna tsakanin wayoyin nan biyu. A kowane ƙarshen hanyar akwai rezista mai om 120, su biyun idan suka haɗu mita za ta nuna kusan 60. Idan ka ga 120, to rezista ɗaya ta ɓata ko waya ta tsinke a tsakani. Idan ka ga kusan sifili, wayoyin sun haɗe da juna. Idan kuma ka ga 40, wani ya ƙara rezista ta uku, abin da yakan faru idan an ɗaura na'urar bin diddigi ba tare da an duba zanen waya ba. A soket ɗin gwaji mai fil tara na J1939 wayoyin suna kan fil C da D, amma kamfanin Caterpillar yana da nasa jerin, don haka kada ka yi aiki da ka, buɗe zanen wannan injin. A wasu injunan rezistar tana cikin allo ko cikin ƙwaƙwalwar kanta, wanda ke nufin idan ka zare soket ɗinta dole awon ya koma 120, kuma wannan ba lahani ba ne.

Idan ka sami 60, mayar da batir, ka buɗe makulli, ka auna kowace waya da jikin ƙarfe. Ta sama takan ɗan haura bolt 2.5, ta ƙasa ta ɗan gaza haka. Wadda ta nuna sifili ta taɓa jikin ƙarfe, wadda ta nuna wutar batir ta haɗu da wayar wuta. A nan za ka riƙa zare soket ɗin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, kana kashe makulli kafin kowane zarewa, har ka ga wadda fitarta ta sa awon ya daidaita. Fitilar gwaji da rewaya ke amfani da ita ba ta da wurin zama a kan waɗannan wayoyi, haka ma huda rigar waya da allura, domin ramin da ka bari yau shi ruwan damina zai bi.

Taka matsalar mai zuwa da tafiya ce, kuma irinta ta fi son hannu da haƙuri. Na taɓa shafe kwana biyu a kan wata katafila da ke yanke magana duk sa'ad da ta juya jikinta da nauyi a guga. Awo a tsaye duk daidai ne. Sai na bar mita a kan om, na sa yaro yana kallonta, ni kuma ina bin damin wayoyin ina lanƙwasa shi taku-taku. A ƙarƙashin ɗakin afareta, inda damin ya ratsa gefen wani ƙarfe, lambar ta tsallake daga 60 zuwa 120. Da na yaye salatif sai ga wayar kore ta goge, saura siraran zare biyu ko uku ke riƙe da ita, sun yi tsanwa-tsanwa saboda danshi. Ka duba irin waɗannan wurare, da soket ɗin da ke kusa da zafin inji, da inda ake fesa ruwa mai ƙarfi wajen wanki, da kuma inda ɓera ke kwana idan inji ya daɗe a ajiye.

Wajen gyara, kada ka warware murɗin wayoyin fiye da ɗan abin da ya zama dole, domin murɗin ne ke kare saƙon daga hayaniyar altaneta da kik. Ka sa sabon fil da matsewarsa ta asali, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ka ɗaure damin nesa da abin da ya ci shi. Ka kuma tambayi afareta ko an yi walda a jikin injin kwanan nan ba tare da an cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa ba, domin wannan yana cikin 'yan abubuwan da ke kashe ta da gaske. Ko ta tabbata ta mutu, sabuwar ba za ta yi aiki yadda ya kamata ba sai an yi amfani da kwamfuta an loda mata manhajar wannan injin da lambobin injekta.

Gobe da safe ka koma da mita da zanen waya, ka rubuta awon batir lokacin kik, da na om, da na kowace waya, sannan ka kira ni ka karanta mini su kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya a jikin ƙwaƙwalwar.