Ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ohio State

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, kuma na yi murna da samun gurbin da ka yi. Ka ce ka kalli bidiyon dambarwar da aka yi bayan wasan ƙwallon Amurka na jami'o'in Ohio State da Michigan na 2024, har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, kana tambaya ko ka kulle kanka a ɗaki idan makon wasan ya zo. A'a, kada ka yi haka.

Abin ya faru kam. 'Yan Michigan sun ci 13 da 10, suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar filinmu, rai ya ɓaci. Amma tsakanin 'yan wasa ne, kuma bai ɗau lokaci ba. A wajen yawancin mutane adawar nan ta fi kama da wasan Kanawa da Zagezagi, sai dai ta fi zafi. Tun 1897 ake karawa, a ƙarshen Nuwamba, shekara guda a Columbus, garin Ohio State, ta gaba a Ann Arbor, garin Michigan. A makon za ka ga an bi allunan jami'a an liƙe duk harafin M da jan salatif. Ko sunan Michigan ba a son kamawa, sai a ce "ƙungiyar can ta arewa", yadda tsohon koci Woody Hayes ya saba faɗa.

Abin da nake so ka gani da idonka shi ne 'yan badujalar makaranta. Ɗalibai ne sama da 200, ba su da komai sai ƙahonnin tagulla da ganguna. Sa'o'i biyu da 'yan kai kafin a take wasa suna yin gwajin ƙarshe a zauren St. John Arena, ana kiransa Skull Session, shiga kyauta ce. Nan 'yan wasa ke ratsowa, koci ya karɓi makirufo ya zuga jama'a, ganguna su amsa har ka ji a ƙirjinka. Kakanni da jikoki a jere, babu tangaɗin 'yan maye. Ni a ganina ya fi wasan kansa daɗi, ballantana ga wanda bai gama gane dokokin ƙwallon Amurka ba.

A cikin filin kuwa, mai cin mutum sama da 100,000, 'yan badujalar kan jeru layi ɗaya suna tafe suna busa har su rubuta kalmar Ohio da jikinsu a kan ciyawa. Tun 1936 suke yin haka. Sai a ƙarshe mai busa babban ƙahon nan da ke naɗe jiki ya fito da taƙama ya tsaya a matsayin ɗigon harafin i, ya rusuna wa jama'a. Ɗalibi kan shafe shekara huɗu yana busa kafin a ba shi wannan girma, iyayensa na kuka a cikin taro. Bayan an tashi, a ci ko a sha kashi, 'yan wasa kan je gaban 'yan badujala a rera taken makaranta, Carmen Ohio, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi. A nan baƙo yake fara jin shi ma ɗan gida ne.

Wurin da za ka yi hattara shi ne wuraren ajiye motoci, inda ake gashi da shagali tun da sassafe. Giya ta yi yawa, naman ma galibi na alade ne. Ka ce ba ka sha, ba wanda zai matsa maka. Kada ka sa shuɗi da rawaya ranar, launin Michigan ne. Nemi ja da ruwan toka, kuma mai kauri, don sanyin Nuwamba ba wasa ba ne. Yawanci da sha biyun rana ake farawa, a ɗauki sama da awa uku, ka ga Azahar za ta riske ka a ciki, sai ka tafi da alwalarka. In wani ya ɗaga murya ya ce maka "O-H", ka amsa da "I-O".

Ka gaida su Baba da Inna. Allah Ya kawo ka lafiya.